Ruwa a Bayan Matafiyi

Abu na farko da Broda Ishaya ya yi mana a Istanbul shi ne karɓe fasfo ɗinmu. Ko jaka bai taya mu ɗauka ba. Ya ce zai kai ofis a buga mana takardar zama, ya zura su a aljihun rigar sanyinsa ya ja zif. Na bi zif ɗin nan da ido. Ƙanwata Kande ta zungure ni da gwiwar hannu, ta ce da yarenmu, "Sista Rifkatu, kin fara ko? Ɗan cocinmu ne fa."

Ɗan cocinmu ne kam, da yayarsa muka yi ƙungiyar mawaƙa a Manchok. Amma ni tun shekarar da 'yan bindiga suka shigo ƙauyenmu suka kashe Baba a bakin gonar masararsa, na daina yarda da mutum don kawai na san gidansu. Wanda ya nuna musu hanyar bayan dutse ai ba daga sama ya faɗo ba. Bayan abin ne muka kwashi Mama muka koma Kafanchan. Na kama ɗinki a wani ɗan shago kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, Kande kuma ta gama sakandare tana zaune ba aikin fari ba na baƙi. Da Ishaya ya zo Kirsimeti da takalmi mai ƙyalli yana cewa a Turkiyya neman teloli ake yi ido rufe, Kande ce ta fara tsalle. Mama ba ta hana ba. Ta dai kama hannuna ta ce, "Ku kaɗai kuka rage mini. Yadda kika fita da yarinyar nan, haka za ki dawo mini da ita."

Shagon da aka yi mana alkawari, mai gilashi da kujerun kwastoma, ashe rami ne a ƙarƙashin wani bene. Kekunan ɗinki jere reras, ƙurar yadi tana shiga hanci, mai wurin yana zagayawa yana tafa hannu yana cewa cabuk, cabuk, wato a yi sauri. Ita ce kalmar Turkanci ta farko da na koya, kuma har na bar ƙasar ban ji wadda ta fi ta yawa a kunnena ba. Albashinmu ta hannun Ishaya yake biyowa, kafin ya iso gare mu ya rame. In na tambayi fasfo sai ya ce, "Sista, ofis ɗin Turawa ba kamar na Kaura ba ne, sai haƙuri."

Ɗakin da ya kama mana shi ma a ƙasa yake, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa a titi. Kicin da banɗaki muna haɗawa da wasu mata, tsohuwa da matar ɗanta da 'yar jikarta. Ranar da ya kai mu ya rage murya ya ce, "Waɗannan 'yan Afganistan ne. Gaisuwa kawai. Kar ku ci abincinsu, kar ku faɗa musu sirrinku. Irinsu ne ke sayar da mutane a garin nan."

Ban yarda da Ishaya ba, amma wannan maganar ta zauna mini daram, don idona ma ya ga abin da bai gane ba. Fuskokinsu irin na 'yan Chana masu aikin titi, ƙananan idanu da faɗin kumatu, ga kuma mayafi ga sallah. In tsohuwar za ta yi sallah sai ta ajiye wani ɗan curin laka a gabanta ta riƙa ɗora goshi a kai. Na zauna da Musulmi a Kafanchan, rabin kwastomomina Hausawa ne, ban taɓa ganin mai sallah a kan laka ba. A bangon ɗakinsu kuma akwai baƙin ƙyalle mai rubutun Larabci. Mutumin kudancin Kaduna in ya ga wannan, ƙafarsa ce ke fara ba shi shawara. Kande ta ce, "Haba Sista, 'yan Shi'a ne, irin na Zariya masu tattaki." Na ce mata ban ga abin kwantar da hankali a cikin wannan bayanin ba.

Sunan tsohuwar Sakina, matar ɗan nata Masuma. Kande ce ta jiyo, ita ce kuma ta fara kiranta Mama Sakina. A makonmu na farko tsohuwar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da faranti a hannu, wasu 'yan ƙulle-ƙullen fulawa da farin romo a kai. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na juye a leda na kai bola. Karo na biyu Kande ta riga ni dawowa, na tarar tana lashe cokali.

"Sista, kamar ɗanwake ne da nono. Ki ɗanɗana."

"Allah ya kiyaye. Zo nan in yi miki addu'a."

Na ɗora hannu a cikinta na tsauta wa duk abin da aka zuba, tana dariya har da hawaye.

Da sanyi ya shigo zazzaɓi ya kwantar da ita. Na dawo daga aiki na tarar da ƙofarmu a buɗe, hayaƙi na fitowa. Tsohuwar ce tsugune da murfin gwangwani, wasu 'ya'yan itace na fashewa a kai tas-tas, tana zagaya shi a kan Kande tana motsa baki. Ban san lokacin da na ce "Jinin Yesu!" na kaɗe murfin ba. Ta durƙusa tana tsince abinta. Masuma ta leƙo ta yi mini magana da Turancin da ya fi nawa tsabta, ta ce maganin kambun baka ne, haka ake yi wa 'yarta ma. Na ce mu ba ma yi, mun gode. Washegari Kande ta tashi garau ta nemi abinci, ni kuwa wannan saurin warkewar ya ƙara ɗaure mini kai.

Amma abin da ya hana ni sakewa shi ne ruwan. Baƙi ba sa yankewa a ɗakin matan nan. Samari da jakar goyo, wani sa'in miji da mata da jariri, duk masu irin fuskarsu. Su sha shayi, su yi ƙus-ƙus, in za su fita tsohuwar ta ɗaga wani littafi naɗe da ƙyalle a bakin ƙofa su wuce ta ƙarƙashinsa. Daga nan sai ta bi su da kwano ta sheƙa ruwa a matakala, daidai inda suka taka. Ta tagarmu nake gani: ƙafafu su wuce, ruwa ya biyo baya. Kuma duk wanda aka zuba wa ruwan nan ban sake ganin ƙeyarsa ba.

A gidanmu kakata ba ta yarda a yi shara ko a zubar da ruwa a bayan wanda ya fita tafiya ba. Ta ce wanke sawunsa ake yi don kada ya dawo. Na taɓa shan duka a kan wannan ina yarinya, ranar da kawuna zai tafi aikin soja. To ga tsohuwa tana yi da gangan, da kwano na musamman, mutane kuma suna ɓacewa. Me ya rage a gaya mini? Da na ba Ishaya labari ya girgiza kai ya ce, "Ai na faɗa miki."

A daidai lokacin ne Kande ta fara canzawa. Allurar keke ta huda mata yatsa, mai wurin ya naɗe da tsumma ya ce cabuk. Tun daga ranar ba ta da zance sai Girka da Jamus, wai akwai koneshan, masu tsallakar da mutane, ruwan ma ɗan ƙarami ne, ana hango tsallaken da ido. Na ce in ta sake ambatar teku a gabana sai na kira Mama. Ta daina zancen a gabana, amma sai ta koma zaman ɗakin matan nan. Ina wanke-wanke a kicin ina kasa kunne. Nakan ji muryar Masuma tana ta magana ƙasa-ƙasa ba tsayawa, in tsinci "Izmir", in tsinci "bot", wato jirgin ruwa. Na ce a raina shi ke nan, sun fara yi mata huɗuba. Na hana ta shiga. Ta dube ni ta ce, "Sista, ke kowa maye ne a wurinki."

"Gara haka. Mayun ne suka bar mu ba uba."

Wata Lahadi ta ce kanta na ciwo, na tafi sujada ni kaɗai a wani ɗakin sama da 'yan Najeriya ke taruwa. Na dawo da tsakar rana, rana tana haskawa, ba hadari ba alamarsa. Ina zuwa bakin gidanmu na ga matakala a jiƙe.

 Na shiga ɗaki, ba Kande, ba jakarta, ba rigar sanyinta. Na kira wayarta, a kashe. Na zari almakashina na ɗinki na banke ƙofar matan nan. Tsohuwar na zaune a ƙasa, kwanon na gefenta, idanunta sun kumbura. Masuma ta tura 'yarta bayanta ta tsaya a tsakaninmu.

"Ina kuka kai ta? Nawa aka ba ku?"

"Ajiye almakashin," in ji Masuma. "Ɗan'uwanku ne ya zo da mota ya ɗauke ta. Kira shi."

"Ƙarya kike yi!"

"Kira shi a gabana."

Na kira. Ishaya ya daɗe bai ɗauka ba. Da ya ɗauka, muryarsa a sanyaye kamar mai jan addu'ar safe, ya ce, "Sista, ki yi haƙuri. Yarinya ta girma, ita ta zaɓa. Ki sa ta a addu'a kawai." Ya kashe. Na sake kira, ba ta shiga. Har yau ɗin nan da nake ba da labari ban sake jin muryar Ishaya ba, fasfo ɗinmu kuma yana inda ya kai shi.

Na zame na zauna a bakin ƙofa. Masuma ta zare almakashin daga hannuna ta ɗora a kan firij. Ta ce duk ƙus-ƙus ɗin da nake ji roƙon Kande suke yi kada ta tafi. Mijinta Kurban, ɗan tsohuwar, ta wannan tekun ya bi, ko gawarsa ba a samu ba. Baƙin da nake gani kuwa 'yan'uwa ne masu wucewa, suna biyowa neman albarkar tsohuwa don ba su da uwa a kusa. Wanda ya ji magana ya fasa, wanda ya ƙi a zuba masa ruwa.

"Don kada ya dawo," na ce.

Ta dube ni kamar na zagi uwarta. "Don hanyarsa ta yi sauƙi kamar ruwa. Don ya dawo."

"To wa ya taɓa dawowa?"

 Ta zuba mini shayi, ban taɓa ba. Sannan ta ce, "Mu Hazara ne. Ƙasarmu duwatsu ce a tsakiyar Afganistan, rabin shekara ƙanƙara, rabi noman alkama da kiwon tumaki. A zamanin kakannin kakanninmu wani sarki ya kawo mana yaƙi. Ya kashe na kashewa, aka sayar da wasu a kasuwa, ya raba gonakinmu da makiyayarmu ga wasu. Waɗanda suka tsira suka watse, wasu Kwetta a Pakistan, wasu Mashhad a Iran. Ni a Kwetta aka haife ni, ban taɓa ganin ƙauyen da ake cewa namu ba. Tsohuwar kuwa a can ƙauyen aka haife ta. Duk bazara makiyaya na hawowa da garke da bindiga, su ce tun zamanin sarkin nan aka ba su wurin. Shekarar da aka ƙone gidanta ta fita da ƙafa."

Ban taɓa zaton akwai masu irin labarinmu a bayan duniya ba. Ta ci gaba, ta ce a Kwetta ma ba su tsira ba, akan tare bas a sauke su a gefen hanya. "Ba a tambayar suna," ta ce, ta shafa kumatunta da gefen idonta. "Wannan ya isa." Na tuna shingayen da samari ke kafawa a hanya in rikici ya tashi a wajenmu, nasu da namu duka. Aƙalla mu sai an tambaye ka sunanka, kana da damar yin ƙarya.

Kada a ɗauka na narke. Labari mai taɓa zuciya ai shi ne jarin ɗan damfara, Ishaya ma da ayar Littafi Mai Tsarki ya shigo gidanmu. Ina cikin wannan tunanin tsohuwar ta miƙe ta fara ɗaure ƙullin kaya. Masuma ta hau ta da faɗa da yarensu, ita kuma ko kallonta ba ta yi ba. Da Masuma ta gaji ta juyo ta ce mini akwai wani mai gidan burodi a Izmir, garin bakin teku, ɗan yankinsu ne, shi ke kai burodi gidajen da ake ɓoye masu jiran jirgin ruwa. A waya zai ce bai san komai ba, don yana tsoro. Amma tsohuwar ce ta karɓi haihuwarsa, ba zai iya yi mata ƙarya ido da ido ba. Matsalar ita ce katin zaman tsohuwar bai ba ta izinin barin gari ba. In aka kama ta a hanya, sai yadda hali ya yi.

Na auna. Ko dai tarko ne a haɗa ni da Kande a sayar, ko kuma ita ce hanya ɗaya tak da nake da ita. Ko wanne ne, inda Kande take zai kai ni. Na ɗauko almakashina daga kan firij na sa a jaka.

Da sassafe muka fito. Muna hawa matakala na ji motsi, na waiga, sai ga Masuma da kwano cike da ruwa.

"Kar ki kuskura!" na ce.

"Ba don ke kaɗai ba ne. Don ita ne."

"Bayanina kin yi, na ji. Amma ba mai zuba ruwa a bayana ina neman ƙanwata."

Tsohuwar ta dubi kwanon, ta dube ni, ta yi wa Masuma alama da hannu ta bari. Muka tafi matakala a bushe.

Wata ƙaramar bas muka shiga, irin wadda direbanta ba ya tambayar takarda. Na rungume jakata a cinya. Ba mu da yare ɗaya ni da matar nan sai 'yan kalmomin Turkanci na wurin aiki, kuma cabuk ba ta da amfani a hira. Ta kwance ƙullinta ta miƙo mini busassun 'ya'yan itace da wasu fararen dunƙule masu tauri kamar tsakuwa. Na girgiza kai. Da muka tsaya shan mai ta kira wani a waya, na ji ta ce "Afrika" har sau biyu. Na ce a raina to, ga ciniki ya fara, ana faɗin kalar kaya.

Can ta ciro wayarta tana nuna mini hotuna. Wata mace da yara a gaban wani gida mai ciyawa, ta ce Ostireliya. Wani saurayi cikin dusar ƙanƙara, Suwidin. Wani dattijo, Mashhad. Wasu kaburbura masu tutoci, Kwetta. Duk nata ne, kowa da inda iska ta jefa shi. Na ƙarshe wani mutum ne mai dariya riƙe da jaririya. Ta ce Kurban, ta yi alamar igiyar ruwa da hannu, ta kife wayar a cinya. Ban san abin da ya sa ba na buɗe tawa na nuna mata Baba a cikin gonarsa. Ta ɗaga gira tana tambaya. Na yi alamar bindiga da yatsu. Ta gyaɗa kai kawai, ko mamaki ba ta yi ba.

Gaba kaɗan jami'ai suka tsayar da mu. Ɗaya ya shigo yana duba fuskoki. Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe har hanci, ta kwantar da kai a kafaɗata kamar mai barci. A nan na ji jikinta na rawa, rawa ta gaske, har haƙoranta na haɗuwa. Maza kawai ya tambaya takarda, ya sauke wani saurayi, aka ce mu wuce. Baki yana ƙarya, hoto ma ana iya aro, amma wannan karkarwar ban ga yadda za a ƙirƙire ta ba. Da ta sake miƙo farin dunƙulen nan na karɓa. Busasshen nono ne, gishiri da tsami kamar su tsinke mini harshe, na daure na tsotse.

Mun shiga Izmir da la'asar. A unguwar da muka sauka, rigunan ceto na masu shiga ruwa ne rataye a gaban shaguna, har da na yara ƙanana, ana ciniki kamar kayan makaranta. Mai gidan burodin na ganin tsohuwar ya saki abin da ke hannunsa, ya sumbaci hannunta ya ɗora a goshi. Da ta faɗi abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta rufe, ya shiga rantse-rantse yana kaɗa hannu. Ba ta yi musu da shi ba. Ta zauna a kan buhun fulawa. Ya kawo shayi, ta kau da kai. Ya sake kawo wani da alewa a gefe, ta tura shi da bayan hannu. Na ga gumi ya keto wa mutumin nan. Ashe a wurinsu babba ya ƙi shan shayinka ba ƙaramin abu ba ne. Ya cika leda da burodi ya fita bai ce mana komai ba, muka bi shi daga nesa. A wani lungu ya tsaya gaban wata shuɗiyar ƙofa, ya sunkuya ya gyara igiyar takalminsa, ya wuce abinsa.

Na buga ƙofar. Wani ƙato ya buɗe kaɗan ya ce ba kowa. Na ɗaga kai na ƙwala kiran Kande da yarenmu, da sunan da Baba ke kiranta. Daga sama na ji, "Sista!" Ƙaton ya maido ƙofa garam ya sa sakata. Na yi ta duka da hannu da ƙafa, na ciro almakashi ina soka wa katako kamar mahaukaciya. Ko gezau.

Sai na ji wani irin kuka a bayana. Mama Sakina ce ta zauna daɓas a tsakiyar lungu, tana dukan ƙirji da tafin hannu, tana kiran Kurban. Da farko na ɗauka dabara ce. Wataƙila da dabara ta fara, amma abin da ya fito daga cikin matar nan ya fi ƙarfin dabara. Tagogi suka fara buɗewa, mata na leƙowa, masu shago suka fito. Ni ma na zube kusa da ita na saki nawa, irin wanda na yi ranar da aka kawo Baba a kan ƙyauren ƙofa. Masu wannan sana'a ba abin da suka tsana kamar taron jama'a. Ƙofar ta buɗe, aka hankaɗo Kande waje, ba jaka, ba waya, takalmi ƙafa ɗaya.

Na ɗaga hannu zan mare ta, hannun ya ƙi. Ta ƙanƙame ni tana cewa sun kulle su, sun ƙwace wayoyi, rigar ceton da aka ba ta ta farke ta ga soson kwali ne a ciki. Ta juya ta faɗa jikin tsohuwar tana ba ta haƙuri da Hausa, ita kuma tana shafa mata kai tana amsawa da yarensu.

Ba mu kai bakin lungun ba motar 'yan sanda ta tare mu. Maƙwabta ne suka kira. Mama Sakina ta san haka zai faru tun kafin ta zauna a ƙasa, daga baya Masuma ta tabbatar mini.

Wani wuri mai katanga da shingen waya aka kai mu, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Mun yi makonni a ɗaki ɗaya da mata daga ko'ina. Ni dai ban fasa halina ba, da takalmina a ƙarƙashin kai nake kwana. Amma in Mama Sakina ta ciro ɗan curin lakarta za ta yi sallah, ni ke tsayawa kada a taka mata. Mu an ce za a mayar da mu gida in takardarmu ta fito. Ita kuwa ba wanda ya san inda za a kai ta. Wasu suka ce wani sansani a gabas, wasu suka ce bakin iyaka, a tura ta ƙasar da ta bari tun gashinta na baƙi, inda ba ta da kowa sai masu jiran irin fuskarta.

Wata safiya muna tsakar gida shan iska aka kira sunanta. Ta sumbaci Kande a goshi, ta sumbace ni, ta ɗauki ƙullinta. Ta cikin shingen waya muka ga an sa ta a bas tare da wasu. Injin ya tashi. Na duba hannuna, gorar ruwan da ake raba mana ce, na riga na sha rabi. Na ruga na bi jikin wayar, wata ma'aikaciya na yi mini tsawa, na zura hannu ta wani rami har ƙarfe ya yage mini fata, na juye ruwan a kan kwalta daidai inda tayar ta taka. Kande ta miƙo tata, na juye. Ƙura ta hana ni ganin tagogin.

Mun dawo Kafanchan da kayan jikinmu. Mama ta shafa Kande tun daga kai har ƙafa kafin ta ce mini sannu. Na koma kan kekena, ina ɗinka wa matan zumunta anko. In kwastoma ta ce ɗanta zai tafi waje, wani ɗan coci ya yi masa hanya, nakan ajiye almakashi in ce ta zauna mu yi magana.

Sai da damina ta zagayo Masuma ta kira ni. Ta ce tsohuwar ta samu aron waya ta kira sau ɗaya, daga can ƙasar, ba ta faɗi garin ba.

"Ta ce in faɗa miki ta gani. Ta ce ranar da ta bar ƙauyensu ba wanda ya rage da zai zuba mata, daga Iran da ta zauna bayan nan kuma a ɓoye ta fita. Ta zuba wa mutane ba iyaka, amma ita ba a taɓa zuba mata ba sai ke."

 Na ce, "Ki ce mata ba shi da yawa. Rabin gora ne, na riga na sha."

"In ta sake kira zan faɗa mata," in ji Masuma.

Duk Lahadi bayan sujada nakan tura mata saƙo in tambaya. Har yanzu ba ta sake kira ba.